Sarki Biyu a Swansea

Ruwa na dukan tagar bene
a bayan tashar jirgi, daren Laraba.
Mu shida muka zauna, huɗu sun zubar,
saura ni da tsoho Emrys Pugh,
wanda ya shekara talatin yana awon ƙarfe a Port Talbot,
har yau kuma bai ajiye ma'auni ba.

Awa uku ina kallonsa.
Karta ta zo, ya ɗaga kunnenta, ya ture.
Ta sake zuwa, ya ture.
Shayinsa ya huce har ya yi fata,
ko fam ɗaya bai kai tsakiya ba.
Sai yanzu ya ƙara kuɗi. Na bi shi,
Sarki da Goma kwance a ƙarƙashin tafina.

Mai rabo ta shimfiɗa uku:
Sarki, Bakwai, Biyu.
Sarkina ya hangi ɗan'uwansa,
ƙirjina ya buga sau ɗaya, kamar an tura ƙyaure.
Babu wadda ta fi tawa tsayi a kan tebur.
A kan tebur, na ce. Ban ce a hannunsa ba.

Kujerar ce ciwon.
Ni ke fara buɗe baki, shi ke rufewa.
A gida mukan ce na gaba ya yi gaba,
na baya sai labari.
Ba a wannan ɗakin ba.
Nan na gaba ke tsoma ƙafa a kogi,
na baya na tsaye a gaɓa, wandonsa a bushe,
yana duban inda ruwan ya kai maka.

In na zuba, mai rauni ya gudu, mai ƙarfi ya tsaya.
In na yi shiru, na miƙa masa wuƙa da nama.
Na ƙwanƙwasa tebur.
Ya tura fam goma sha biyu
a hankali, kamar mai biyan kuɗin lantarki.
Na bi.

Huɗu ta faɗo. Ba ta taɓa kowa ba.
Na ƙwanƙwasa. Talatin.
Na dubi fuskarsa, ba a rubuta komai ba,
sai tabon ƙuna a gefen kunne.
Na bi, amma yawu ya ƙafe.

Ta ƙarshe Tara ce.
Tamanin, in ji shi, bai ko ɗaga kai ba.

Tamanin.
Dare guda kenan ina juya tsofaffi a gado,
ina canza zanen da ba su san sun ɓata ba.
Na fara ƙirga abin da ya fi ni:
Sarki da As, Sarki da Sarauniya,
Bakwai uku a ɓoye kamar kunama a takalmi.
Na ƙirga abin da na fi:
ƙarya kaɗai.
Mutumin da ke naɗe takardar alewa
ya sa a aljihu don kada ta faɗi ƙasa,
shi zai yi ƙarya sau uku a jere?
Ruwa ba ya tsami banza.

Sai wata murya ta ce, Sagir,
wa ya taɓa korar Sarki daga zaure?
Na ce ni. Na kifa shi, na tura.

Emrys ya ja kuɗin, bai nuna ba.

Ƙarfe biyu muka haɗu a bakin titi.
Ya karkato lemarsa, rabi ta rufe ni.
Na daure, na daure, na kasa:
Me ke hannunka?
Ya dubi ruwan da ke bin kwalta.
Yaro, ya ce, kuɗin gani fam tamanin ne,
kai kuwa ka ce ya yi tsada.

Motarsa ta zo. Tawa ba ta zo ba.
Na tsaya da kuɗina a aljihu,
kafaɗa ɗaya a jiƙe.